Asalin shanun Baffa

Daren Alhamis

Yau na yi ɓarna da hannuna. Wata biyu Baffa yana faɗa mini asalin shanunmu ina shigarwa a kwamfuta: wace ta haifi wace, tun garken kakanmu. Likitan dabbobi ya nemi jerin masu rai kawai, sai na rubuta ɗan fankshan, wato guntun umarnin kwamfuta, da zai cire matattu, na miƙa wa fankshan ɗin jerin. Na ɗauka kwafi na ba shi. Ashe hanyar zuwa ainihin jerin na nuna masa. Ya share su a can, ni kuma na adana a kan tsohon ban duba ba. Abin da nake gargaɗin ɗalibaina a kai kullum fa!

Da la'asar na tafi ƙauyen Inkil na gaya wa Baffa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba komai, 'yata, ɗauko biro."

Ya ambaci shanu uku, ya tsaya a ta huɗu. Ya daɗe yana kallon ƙasa, leɓensa na motsi. Sannan ya ce, "Tun da na ba ki su, na daina riƙe su a ka."

Ashe shi ma ba kwafi ya ba ni ba.