Farfesar da na yi wa faɗa

Zuwa ga ƙanena Isiya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan Mafara lafiya lau.

Albishirinka, an ƙara wa jikata Rukayya girma a jami'ar garinku, inda take koyar da injiniyanci. Murna kamar in taka rawa, amma kunya ta rufe ni.

Da ta zo wankan jego, wata mata ta riƙa kiranta kullum. Ran nan na ɗauki wayar na ce, "Baiwar Allah, ba ki da aikin yi ne? Ki bar mai jego ta huta!" Ta ce, "Gaskiyarka, Baba."

Ashe Farfesa ce, wadda ta riƙe wa Rukayya ɗalibanta, take duba mata rubutun bincike don kada ƙarin girman ya wuce ta. Tun ranar ba ta sake kira ba. Ina tsoron na ɓata tsakaninsu.

Don Allah ka kai wa Farfesar kilishin nan da kanka, ka ce tsoho ya yi wauta, ta yafe.

A sa mu a addu'a. Ka gaishe da yara.

Yayanka,
Bawa