Fitilu Shida da Suka Ƙone a Nuzla

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna, da sauƙi? Mu nan unguwar Nuzla a Jidda lafiya lau, sai zafi.

Bayan haka, ina sanar da kai cikin alhini cewa fitilu shida sun riga mu gidan gaskiya ranar Talata, bayan gajeruwar jinya ta daƙiƙa biyu. Su ne ƙananan fitilun da ke haska allon na'urar wasan da nake harhaɗa wa 'yarka Ruƙayya, don ta rage zaman awa huɗu a asibiti wajen wankin ƙoda. Alhamis ɗin nan na yi mata alkawarin gamawa.

Shekara talatin kana gyaran rediyo, amma zanen da ka turo min sai ka ce kaza ta taka tawada. Na bi shi, ja ga ja, baƙi ga baƙi, na liƙe da dalma, na jona batir. Allon ya haske kamar gidan biki, sai hayaƙi. Ruƙayya ta dube ni ta ce, "Halas, shi ke nan, Baba, bar shi." Wannan "bar shi" ya fi zagi ciwo, kuma kai ka jawo min.

Ka sa ta a addu'a. Ka gaida Inna da Hajiya Binta.

Gaskiya dai, ɗan abin nan mai rage ƙarfin wuta da ka zagaye da jan biro, ban sa shi ba. Na tarar da shago a rufe ana La'asar, na ƙi jira. Laifina ne. Ka turo min lambarsa yau.

Ƙaninka,
Bala