Baba ya rasu, sunansa na nan yana sa hannu

Hajiya, don Allah ki taimake ni kafin in ɓata da dangina. Ni injiniyar tsaro ce, aikina kare manhajojin kasuwanci da ke ajiye a intanet daga masu kutse. Kamfanonin mutane nake tsarewa, amma na gidanmu ya gagare ni.

Babanmu ne ya kafa kamfanin jigilar hatsi tsakanin Sokodé da Dapaong. Ya rasu bara, kuma har yau kowa da sunan Baba da kalmar sirrin Baba yake shiga manhajar kamfanin: yayyena, direbobi, har waɗanda suka bar aiki. Duk motar da za ta tashi, sai allo ya nuna Alhaji, wato Baba, ya amince. Kwanan nan na ga wani ya shiga daga ƙasar da ba mu da kowa. Na ce a rufe asusun Baba a manhajar, kowa ya samu nasa. Baffa Alidu, ƙanen Baba da ke riƙe da reshen Dapaong, ya ce so nake in sake binne ɗan'uwansa, kuma raba wa kowa mabuɗi zargi ne. Ya daina ɗaukar wayata. Ni ma wallahi idan na ga sunan Baba a allon, sai hawaye. Amma rufewa kam zan rufe, hanyar ce ban sani ba.

Taki,
Marainiya daga Sokodé

’Yata, Allah Ya jiƙan mahaifinki. Kina da gaskiya, amma baffanki ma ba wauta yake yi ba. Da yarda suka gina kasuwancin nan, ke kuma ta waya kika yanke masa hukunci.

Ki canja kalmar sirrin a yau ɗin nan, wannan ba ya jiran sulhu. Sannan ki hau mota zuwa Dapaong, ki durƙusa ki gaishe shi. Ki fara buɗe masa nasa asusun a matsayin babba, ki bar shi ya raba wa sauran da hannunsa. Tsoffin bayanan Alhaji kuwa a adana su, kada a goge ko ɗaya.

Daga nan ki faɗa masa abu guda. Ranar da ɓarawo ya karkatar da mota, sunan Alhaji ne zai fito a matsayin wanda ya amince, shi kuwa ba ya nan balle ya wanke kansa. Baffanki zai iya jure fushinki, amma ba na jin zai jure wannan.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya kai ki lafiya.