Ƙafar Habboba Jummare

Daga Alƙahira, zuwa ga Yaya Mardiyya a Gadarif.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da Inna da yara. An gama yankan riɗi a Doka?

Ni lafiya lau. Ina nan ina aiki a gidan burodin. Ƙunar hannuna ta warke, har na koma riƙe jita.

Kundin waƙoƙina ya fito. Kiɗan rok ne, amma na sa gangar dalluka da kalangu, na rera rabi da Hausa, rabi da Larabci. Wata jarida ta yaba. 'Yan rok sun ce ganga ta yi yawa, mutanenmu na nan kuma sun ce hayaniya ce. Ranar wasan ƙaddamar da kundin, kujeru sun fi mutane yawa, amma ba komai, waɗanda suka zo sun tsaya har ƙarshe.

Alfarma ɗaya nake nema. Waƙa ta uku ita ce wadda kakarmu Habboba Jummare take yi in tana sussukar dawa. Ki kunna mata a wayarki bayan la'asar. Kada ki tambaye ta ra'ayinta, na san za ta ce na lalace. Ki dubi ƙafarta kawai, ki gaya min ko ta motsa.

Allah ya sake haɗa mu da alheri.

Ƙaninki,
Hafizu