Wa Ya Ba Ku Sunana Da Lambar Gidanmu?

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke raba garin gyaran hanji ga masu ciwon daji a unguwanninmu na Zongo, Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Isufu, tela ne ni a Akwatialine, kuma a gidan da aka haife ni nake zaune har yau tare da matata Ramatu da mahaifiyata, wadda kowa a layinmu ke kira Mma. Na kira lambar da ke jikin robar garinku sau huɗu, kullum sai a ce manaja ya fita. Shi ya sa na rubuto a fili, inda mutanen Zongo za su gani.

Bayan Sallar Layya likitoci suka tabbatar mini ina da ciwon daji a hanji. Aka sa mini ranakun zuwa ƙarin ruwan magani, wanda suke kira kimo. Ni da Ramatu muka yanke shawara ba za mu gaya wa Mma ba. Ta tsufa, tana da hawan jini, kuma ni kaɗai na rage mata cikin 'ya'ya maza. Muka ce mata gyambon ciki ne. Ko abokan aikina a shago ba su sani ba.

Ga abin da nake ƙorafi a kai.

Na farko. Wata ranar Talata ina asibiti, Ramatu tana tare da ni, wata mata ta shigo gidanmu da farar riga irin ta ma'aikatan lafiya da jakar kamfaninku. Ba ta tambayi hanya a layi ba, maƙwabta sun shaida. Kai tsaye ta nufo ƙofarmu, ta kira cikakken sunana. Ta tarar da Mma a tsakar gida tare da matan haya biyu, ta gaishe ta da Hausa mai kyau, sannan ta ce ta kawo wa Isufu taimako ne saboda kansarsa. Haka mahaifiyata ta ji. Daga bakin baƙuwa, a gaban mutane, ni kuma ina kwance da allura a hannu ban san abin da ke faruwa ba.

Wannan mata ta san sunana, ta san gidana, ta san irin ciwona, ta kuma zo a ranar da ba na nan. Ban yarda cewa dace ne ba. Na zauna na lissafa waɗanda suka sani: likitata, nas-nas na ɗakin kimo, matata, sai kuma wata da muke haɗuwa da ita a bencin jira, mai fara'a, wadda ta karɓi lambata da unguwata ta ce suna da rukunin addu'a na marasa lafiya a waya. Ban taɓa ganin an kira ta ta shiga wurin likita ba. Tun ranar da aka zo gidanmu kuma ban sake ganinta ba. Ban ce ita ce ba, don ba ni da hujja. Amma wani dattijo daga Asokore Mampong da muke layi ɗaya a asibiti ya ce shi ma ta karɓi lambarsa, shi ma an je gidansa.

Na biyu. Wakiliyarku ta gaya wa Mma cewa garin, wanda kuke kira firibayotik, abinci ne ga ƙwayoyin kirki da ke cikin hanji, kuma idan suka ƙoshi su za su cinye ciwon. Ta ce kimo yana ƙona mutum ne kawai. Ta kuma ce kada a gaya mini, wai maza suna da taurin kai, a riƙa zuba mini cokali biyu a koko safe da yamma. Na karanta robar daga baya. Babu inda aka rubuta yana maganin daji. Da ƙananan haruffa ma an rubuta cewa mai jinya ya tuntuɓi likita. To wa ya koya mata abin da ta faɗa? Idan daga bakinta ne, me ya sa dattijon Asokore Mampong ya ji magana iri ɗaya, kusan kalma da kalma?

Mma ba ta iya karatu ba. Ta saya, ta ɓoye a ɗakinta, ta ce wa Ramatu daga yau ita za ta riƙa dama mini koko. Na ji daɗi ma, na ɗauka kewar yarintata ce ta motsa mata. Kwana shida ina sha. Cikina ya kumbura kamar ganga, iska ta hana ni zama a kan keken ɗinki, sai gudawa ta biyo baya har ƙafafuna suka daina ɗaukata. Da muka je asibiti likita ta ce ruwan jikina ya ƙare, ba za a iya yi mini kimo ba a wannan makon. Aka ɗaga. Wanda bai taɓa jiran wannan layi ba, ba zai san abin da ɗagawa take nufi ga mai ciwo irin nawa ba.

Likita ta yi ta tambayar me na ci, na rantse mata ban canja komai ba. Da muka dawo gida Mma ta fito da robar da kanta, ta ajiye a gabana, ta ce, “Isufu, ka ɓoye mini, ni ma na ɓoye maka. Da hannuna na ba ka.”

Zan yi maka adalci. Da na kai wa likita robar ba ta ce guba ce ba. Ta ce irin wannan gari yana iya yi wa wasu amfani, amma ba ya kashe daji, kuma mai hanji irin nawa da ke kan magani bai kamata ya taɓa shi ba sai da saninta. Da an tambaye ta, da magana ta ƙare cikin minti ɗaya. Abin da ya sa nake zarginku ke nan: an tsara zuwan ne yadda ba za a tambaye ta ba.

Buƙatuna uku ne. Ka faɗa mini a rubuce daga ina sunana ya zo hannunku, ka kuma goge shi. Ka hana wakilanka shiga gidajen marasa lafiya da farar riga, su daina cewa a ɓoye wa mai ciwo ko likitansa. Na ƙarshe kuma shi ya fi damuna. Mma ta daina shiga kicin. Ko ruwa na roƙa sai ta kira Ramatu ta miƙo mini, ta ce hannunta ba shi da kyau a kaina. Na yi mata bayani, limaminmu ya yi mata, ba ta ji ba. Ina so matar da ta zo ta dawo, ta tsaya a tsakar gidan nan, a gaban matan da suka ji ta farko, ta gaya wa mahaifiyata da Hausar da ta yi mata talla cewa abin da ta faɗa ba gaskiya ba ne. Wataƙila daga bakinta za ta yarda.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya tsare iyayenka daga jin irin wannan labari a bakin baƙo, Ya sa ka ci halal a kasuwancinka.

Wassalam.

Isufu Tela,
Akwatialine, Kumasi.