Ramuka Goma Sha Biyu a Gonar Marayu

Malama, ki taimake ni da shawara kafin ruwan shuka ya sauka, don hankalina ya ƙi kwanciya.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Shekara uku samarinmu da na tsallaken rafi ba sa ga-maciji saboda ruwan noman rani, har kai an fasa. Sai wani malamin firamare ɗan tsallaken, Badaru, ya kawo dabarar ƙwallo, wai a cakuɗa su a ƙungiya ɗaya. Fili kuwa a nan babu, ko'ina gona ce. Na ba su aron gonar marayun ƙanena, daga girbi zuwa shuka.

Ba zan ƙi gaskiya ba, faɗa ya lafa. Masu yawo da gora yanzu tare suke shan rake. Amma makon jiya na tarar Badaru ya haƙa ramuka goma sha biyu a bakin gonar, ga dashen darbejiya a leda. Wai don inuwa da hana zaizayar ƙasa. Malama, tun kaka da kakanni wa ya taɓa dasa bishiya a gonar aro? Mai bishiya ai shi ne mai ƙasa. Me ya hana shi haƙawa a garinsu? Yawan murmushin nan nasa ma ya fara damuna. A wannan tsadar da kwanon gero ke gagarar magidanci, gonar nan ce tuwon yara huɗu. In na kore su, a ce ni na dawo da faɗa. In na yi shiru, me zan gaya wa yaran in sun girma?

Mai Riƙon Amana

Baba Mai Riƙon Amana, tsoronka na kan hanya. An sha ganin aro ya rikiɗe ya zama gado, kuma Badaru ya yi kuskure da bai tambaye ka ba. Sai dai mai shirin ƙwace ba kasafai yake haƙa rami a gaban 'yan kallo ba. Wataƙila amfanin bishiya ya karanta, ya manta da al'ada.

Kar ka kore su, kar kuma ka yi shiru. Tara mai unguwa, liman, uwar yaran da dattawan tsallake, a rubuta cewa aron rani ne kawai, kowa ya sa hannu. In Badaru ya fara noƙe-noƙe, ka samu amsarka. In ya yarda, ka ce a canja darbejiya da gawo, don shi ba ya hana gero yi. Ranar dashe kuma, kar hannun kowa ya sa itace a rami sai na marayun, a gaban ƙauyukan biyu.

Allah ya raya su, su sha inuwar abinsu.