Gyaran Kaka Mamuna

Atonsu, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga kakata Hajiya Mamuna mai wake, kasuwar Asawase.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya kuma kasuwa? Kawu Sanni, kai da za ka karanta mata, don Allah kada ka tsallake ko layi ɗaya, na san halinka.

Kaka, jikina lafiya lau, hankalina ne a tashe, ga shi an hana mu riƙe waya a makaranta balle in ji muryarki. Madam Serwaa mai koya mana kemistri ta ce mun yi wa ɗakin gwaji yawa. Ranar ashirin da takwas ga wata za a yi mana gwajin hannu, duk wanda ya faɗi za a mayar da shi wani aji, shi da kimiyya har abada. Sunana yana cikin waɗanda ta ja wa layi da jan biro. Ni fa, da kika gama shelanta wa layin 'yan wake cewa jikarki za ta zama mai haɗa magani a asibiti!

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane, da olonka, gwangwanin awonki. Olonka ɗaya ta wake da olonka ɗaya ta gero cikarsu ɗaya ce, amma ƙwayar gero ta fi yawa nesa ba kusa ba. To su masu kemistri ƙwaya suke ƙirgawa, ma'auninsu kuma sunansa mol. Kowane irin abu ne, mol ɗaya adadin ƙwayarsa ɗaya ne, wajen shida da sifili ashirin da uku a bayanta, nauyi ne kawai yake bambanta. Garin sodar da muke aiki da shi, ɗan'uwan kanwar da kike sa wa tukunyar wake ne, mol ɗayansa giram ɗari da shida. Kashi ɗaya cikin arba'in na mol ake so mu auna, wato giram biyu da ɗigo sittin da biyar. A takarda wallahi ba mai kama ƙafata a wannan lissafi.

Wahalar a hannu take. Mukan narka garin a ruwa, mu ɗebi kaɗan, mu riƙa ɗiga masa asid daga wani dogon bututun gilashi mai lambobi har launinsa ya juya. Na kowa yana juyawa a lamba ashirin da biyar. Nawa sai ashirin da bakwai, wata rana da takwas, bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Na wanke kwalabe har fatar yatsuna ta yi yaushi, na canza sikeli, duk a banza. Yanzu Madam ta fara yi mini kallon mai satar amsa, wai yaya takarda ke daidai hannu yana ƙarya. Wannan kallon ya fi komai yi mini ciwo.

Ki sa ni a addu'a, Kaka, tsoro nake ji sosai. Ki gaida mutanen gida.

Jikarki,
Mubina

Atonsu, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga kakata abar ƙaunata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar kasuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Garin rogo da soyayyen yajin shito da kika aiko Kawu da su sun iso, Allah ya saka da alheri.

An gano ɓarawon, Kaka, kuma ke ce kika rene shi. Ranar Talata Madam ta tsaya a bayana tun daga farko. Na auna garin, sikeli ya nuna daidai, na ɗaga takardar na juye a kofin gilashi. Sai ji na yi ta kama wuyan hannuna. Ashe ɗan cokalin yana hannuna, na sake lakato garin a bakinsa zan barbaɗa a kofin. Gyara! Wallahi ban san ina yi ba. Wata shida ke nan ina yi wa kofin gilashi gyara kamar wata mai sayen wake.

Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta tambaye ni da yaren Twi ko 'yar wace ce ni a kasuwa, domin hannun nan ba a makaranta aka koye shi ba. Ni kuwa kuka na fashe da shi. Ta nuna mini cewa ɗan abin da nake rainawa ɗin nan ƙwayoyi ne da ba su ƙirguwa, kuma kowace ɗaya sai asid biyu sun tare ta kafin launi ya juya. Ta ce a asibiti irin wannan alherin yana iya kwantar da jinjiri.

Kin tuna ina shekara bakwai, ranar da na auna wa wata tsohuwa 'yar unguwar Oforikrom wake na ƙulle leda ba gyara? Kika buge mini bayan hannu a gaban mutane, kika ce a rumfarki ba a sallamar mutum da ƙeƙasasshen awo. Tun ranar hannuna bai ƙara mantawa ba.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne sanin bai warkar da ni ba. Jiya na sake yi, ina sane, ina kallon hannun yana tafiya abinsa. Saura kwana takwas. Madam ta ce ta yarda ba sata nake yi ba, amma ranar gwaji lambar da ke jikin bututu za ta duba, ba halin kirki ba. Idan na faɗi, da wane ido zan bi ta layin 'yan wake? Idan kuma na kashe hannun nan, ji nake kamar ke na saɓa wa. Ki aiko mini da magana ta bakin Kawu ranar ziyara, don Allah.

Taki har kullum,
Mubina

Atonsu, 3 ga Maris

Zuwa ga Kakata.

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da duk na gida.

Kawu ya isar da saƙonki har da kwaikwayon muryarki. Ya ce kin ce ni sakarya ce, yaushe na taɓa ganin kin yi wa tukunyar wakenki gyaran kanwa? Mutum ake yi wa gyara don ya tafi da farin ciki, kwalba ba ta san an yi mata ba. Na yi dariya.

Ranar gwaji, da sikeli ya nuna biyu da ɗigo sittin da biyar, na ajiye cokalin can nesa, na rufe kwalbar garin, na damƙe gefen siket ɗina da hannun dama, na juye da hagu. Yatsuna har ƙaiƙayi suke yi. A karo na farko launin ya juya a ashirin da biyar da ɗigo ɗaya, ban yarda ba. Na biyu ashirin da biyar cif, na uku ma haka. Lissafin mol ɗin kuwa ko minti biyar bai ci mini ba.

Yau aka liƙa sunaye. Ina nan a ajin kimiyya, Kaka. Ki ci gaba da shelarki.

Jikarki mai ƙaunarki,
Mubina

Har na ninke takardar na ga na sallame ki ba gyara, to ga shi. Madam ta ce ranar Asabar za ta zo Asawase sayen wake, tana so ta ga rumfar da ta ba ta wahala wata shida. Doguwa ce mai tabarau. Idan kin auna mata, ki zuba mata naki gyaran, sannan ki ƙara mata wanda na hana kofin gilashi.